Sunan Surukina a Goshin Mota

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a tsakiyar falon surukina, gumi yana bin bayana, aka ce in karanta kalma guda ɗaya tak, bakina ya ƙi buɗewa. Kalmar nan kuwa ni na zaɓe ta, ni na je na bi layi aka buga mini ita, ni na ɗaura ta a gaban motata da bayanta da hannuna. Bari in faro muku daga tushe, don ku san irin wautar da mutum mai digiri yake iya tafkawa da rana tsaka.

Lokacin ba a daɗe da dawowa mulkin farar hula ba. A masallatai zancen shari'a ake yi, a majalisun ƙofar gida kuma zancen takara. A shekarun ne wani sabon yayi ya shigo Kano, wato lamba mai suna. Maimakon baƙaƙe da lambobin da hukuma take ba kowa, sai ka ga mota ta wuce an rubuta mata sarautar mai ita ko laƙabinsa, a ƙarshe an liƙa lamba ɗaya, wai don ka san akwai ta biyu da ta uku a gida. Yawancin masu yin haka 'yan siyasa ne, ko masu shirin zama 'yan siyasa. Idan ka tsaya a titunan Nassarawa da yamma, karanta motoci kawai za ka yi ta yi har wuyanka ya gaji.

Ni kuwa a lokacin na sayi motata ta farko, baƙa, 'yar Kwatano, wadda wani Bature ya gama more ƙuruciyarta kafin ta iso hannuna. Ni safiyo ne, aikina auna filaye. A Gama aka haife ni, a Badawa nake haya, amma Allah ya yi na auro 'yar Nassarawa. Matata Bilkisu 'yar wani tsohon alƙali ce da ya yi ritaya, Alhaji Mamuda (kun ga yanzu ma da na rubuta sunan sai da na waiwaya bayana).

Alhaji mutum ne da ba ya faɗa, ba ya kuma yabo. In ka gaishe shi zai amsa, ya tambayi aiki, ya tambayi gida, sai ya yi shiru ya bar ka da kanka. Ya gama aikinsa ba a taɓa jin sunansa a wata rigima ba, kuma abu biyu ya tsana a duniya: siyasa da hayaniya. Ya ba ni 'yarsa ba tare da ya wahalar da ni ba, amma daga baya, a cikin wata 'yar hatsaniya ta miji da mata, Bilkisu ta fesa mini abin da ya faɗa wa mahaifiyarta a kaina tun ina neman aure. Wai cewa ya yi, "Yaron ba shi da laifi, sai dai son a sani."

Maganar nan ta tsaya mini a ƙirji shekara da shekaru. Duk abin da nake yi a gidan nan, daga durƙuson gaisuwa har zuwa buhun shinkafar azumi, don in goge wannan shaidar nake yi. Ba na neman filinsa, ba na neman gadonsa. So nake wata rana dattijon nan ya dube ni ya ga mutum mai natsuwa wanda bai yi kuskuren ba shi 'ya ba.

Da Allah ya ba mu ɗan fari namiji sai na sa masa sunan Alhaji, muke kiransa Abba. Kun san yadda abin yake. A gidan surukaina sunan nan ba ya fita daga bakin kowa. Hajiya, mahaifiyar Bilkisu, in wani baƙo mai irin sunan ya zo, "mai sunan Alhaji" take ce masa. Bilkisu ba ta taɓa faɗarsa a gabana ba. Ni kuma abin ya zame mini biyu, ga sunan suruki ga sunan ɗan fari. Ko a asibiti, in za a yankar wa Abba kati aka tambayi sunan yaro, sai ni da ita mu yi ta kallon juna, ƙarshe in karɓi biro in rubuta wa ma'aikaciyar a takarda.

To daga nan ne shaiɗan ya samu ƙofa. Na zauna na yi wani lissafi da a lokacin na ɗauka hikima ce: faɗa ne babu kyau, rubutawa kuwa ai kullum ina yi a asibiti, ba wanda ya ce na yi rashin kunya. In na sa sunan a mota, na girmama suruki, na girmama ɗana, kuma duk Kano za ta shaida cewa ni ba butulu ba ne. (Ku lura da "duk Kano za ta shaida" ɗin nan. Mutumin da yake son ya wanke kansa daga son a sani ke nan.) Ban yi shawara da kowa ba, don ina so abin ya zo wa kowa ba zato. Na je ofishin masu ba da lamba, na yi ta zarya har ta fito: MAMUDA 1. Ɗayan nan har yau ban san me take wakilta ba, don ko keke na biyu ba ni da shi.

Ranar da na ɗaura ta, na wanke mota, na shigo gida ina danna oda. Na ce wa Bilkisu ta rufe ido, na jawo hannunta har gaban mota. Ta buɗe ido, ta karanta, ba ta motsa leɓe ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

"Baban Abba, wa ya ba ka wannan shawarar?"

Na ce, "Ni na ba kaina. Bai yi kyau ba?"

Ta ce, "Sunan babana ne fa. A ƙasan mota, inda kwata take fantsama."

Na ce ai girmamawa ce. Na kawo mata zancen asibiti. Ta ce takardar asibiti a durowa ake sa ta, ba a yawo da ita kasuwa. Daga nan ta yanke hukunci, kuma kun san 'yar alƙali ce: muddin sunan nan yana jikin motar, ita ba za ta shige ta ba. Ta kuwa cika alkawari. Ga mota a gida, ga matata tana tare tasi a bakin titi da yaro a baya. Ni kuma girman kai ya hana ni sassautawa, na ce in ta gaji ta dawo hanya.

A ofis ma sai da aka yi mahawara, ta kusa cinye mana yini guda. Akwai abokin aikina Bitrus, Kirista ne mutumin Zariya, shi yake zana mana taswira, kuma tun muna sababbin ma'aikata muke cin abinci kwano ɗaya. Shi ya fara leƙawa ta taga ya ga motar.

Ya ce, "Wannan ba sunan surukinka ba ne?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "Ya sani?"

Na ce zai sani, kuma zai ji daɗi.

Ofis ya rabu biyu. Wasu suka ce lamba ai lamba ce, ƙarfe ne da fenti, ba ta zagi ba ta yabo, wanda ya ji haushinta dama da haushinsa ya fito daga gida. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a ɓangarena wani ne da nake rage wa hanya kullum in an tashi, saboda haka ban san ko ra'ayinsa yake karewa ko kujerarsa ba. Ni kuma na miƙe na yi jawabi a kan niyya, har da ɗan larabcin da na tsinta a wajen wa'azi. Na ce ba yadda za a yi mutum ya yi abu da zuciya ɗaya a ce ya ci mutuncin wani. Na ce ai yanzu zamanin shari'a ne, kuma a shari'a ma niyya ake dubawa.

Bitrus ya bari na gama, yana fere fensirinsa. Sannan ya ce, "Ni ban san shari'arku kamar yadda ka san ta ba. Amma har gobe uwata ba ta kiran sunan babban yayanmu, kuma mutum ne mai jikoki. Niyyarka tana cikin mota tare da kai, gilashi a rufe. Wanda yake bakin titi ba ya ganin ta, lambar yake gani. Kuma shi ba surukinsa ba ne, da ƙarfi zai karanta."

Na ce masa ƙauyanci ne yake damunsa. Aka yi dariya, na ɗauka na ci mahawara.

Amma ga wani abu da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Duk da wannan cika bakin, in na je gaishe da Alhaji ba na shiga da motar cikin gida. Can nesa nake ajiye ta, gindin wata darbejiya a bayan katangar maƙwabta, in taka da ƙafa. In ya tambayi mota sai in ce tana waje, ban so in dame su da buɗe ƙofa ba. Ina gaya wa kaina wai lokacin da ya dace nake jira in nuna masa. Ashe zuciyata ta riga ta yarda da Bitrus, bakina ne bai samu labari ba.

Alamu kuma sun yi ta zuwa ina kau da kai. A gidan mai sai in ji mai zuba mai yana ce wa ɗan'uwansa, "Zuba wa Mamuda." Mai gadin ofis in zai ce in gyara fakin sai ya leƙo ya ce, "Oga, Mamuda ta tare hanya." Duk lokacin da na ji haka sai in ce wa kaina ai ba ni na faɗa ba.

Ana nan sai bikin 'yar ƙanen Alhaji ya taso. Gidan ƙanen ma a Nassarawa yake, 'yan layuka ne tsakaninsu, kuma Alhaji ne waliyyin amarya. An sa ɗaurin aure ranar Asabar da hantsi a masallacin ƙofar gidan. Na shirya cikin farar shadda, na biya in gaishe shi kafin in wuce, na ajiye mota a gindin darbejiyata kamar kullum.

Na same shi a tsaye a baranda, ya sha rawani, yana duba agogo. Ashe direbansa ya tafi kai Hajiya da mata gidan biki tun da safe, an riƙe shi can da aike-aike, bai dawo ba.

Ya ce, "Safiyo, ka zo da mota?"

Na ce, "Na zo da ita, Baba."

Ya ce, "To shigo da ita, kai za ka kai ni."

Jama'a, tun da na auri 'yarsa bai taɓa neman wani abu a wajena ba, ko ruwan alwala. Wannan ce rana ta farko. Da a ce wata motar ce, da rawa zan taka har gindin bishiyar. Amma tafiyar nan da na yi daga baranda zuwa bayan katanga, babu addu'ar da ban karanta ba. Na duba ko da abin kwance lamba a cikin but, babu. Na yi tunanin in shafa mata taɓo, ga ni cikin farar shadda, ga rani, ko ɗigon ruwa babu a ƙasa. Na yi tunanin in ce ta ƙi tashi, sai na tuna waliyyi ne, mutane suna jiransa.

Dabarar da ta zo mini ita ce in shigo a karkace. Na kutso cikin gida na yi wani irin kwana na tsaya da gefe, ƙofar gaba daidai ƙafarsa, yadda ba zai ga goshi ba, ba zai ga ƙeya ba. Na fito da gudu na buɗe masa. Ya shiga, ya yi bismilla, ya shafa kujera ya ce, "Motar tana da kyau. Allah ya sa alheri." Wallahi sai da na ji hawaye ya taho mini. Na ce a raina, in Allah ya fitar da ni yau, gobe da sassafe lambar nan za ta bar jikin motar.

Shirina shi ne in sauke shi ɗan nesa da taro, in yi baya in ɓace. Abin da na manta shi ne ɗaurin auren manya ne a Nassarawa, kuma shekarar ana jajiberin zaɓe. Tun daga bakin layi maroƙa suka yi dafifi, ga masu kalangu, ga samarin nan masu bin 'yan takara duk inda aka yi taro. Aikinsu ke nan, su hango mota tun daga nesa, su karanta lamba, su san wa ya iso da irin kirarin da za a yi masa. Kuma a wajensu doka ɗaya ce: duk wanda ya rubuta sunansa a mota, kujera yake nema.

Wani dogon maroƙi mai jar hula shi ya fara hango mu. Ya ƙanƙance ido, ya karanta, ya ɗaga hannu sama, ya buɗe maƙogwaro.

"Mamuda ya iso! Mamuda na ɗaya!"

Kafin in taka birki sun kewaye mu. Masu kalangu suka ɗauka. Samari suka fara dukan bonet suna cewa sai Mamuda, sai Mamuda. Babu Alhaji, babu Malam, babu Mai Shari'a. Sunan nan da matarsa ta yi shekara arba'in tana kewaye shi, ga shi a bakin yaran da ya yi jika da su, ana buga shi da ganga. Kuma gidan biki yana daf da masallaci, mata suna ciki, tagogi a buɗe. Na san Hajiya tana ji, na san Bilkisu tana ji.

Suka leƙa ta gilashi suka ga dattijo da rawani a gaba, ni kuma a sitiyari, suka gama lissafinsu: shi ne mai motar, ni direba. Dogon nan ya manna fuska a tagar Alhaji yana cewa, "Ranka ya daɗe, wace kujera ce? Majalisar jiha ce ko ta tarayya? Ka faɗa mana mu fara aiki tun yau." Wani daga baya ya ce ai tsohon alƙalin nan ne, ashe shi ma ya faɗo. Nan take aka ƙara wa kirarin baiti, wai mai shari'a ya fito gyaran ƙasa.

Alhaji bai motsa ba. Ya juyo a hankali ya dube ni.

"Safiyo, waɗannan a ina suka san sunana?"

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, mutane ne kawai." (Har yau ban san ma'anar wannan amsar ba.)

Ya buɗe ƙofa ya fita. Mutanen gidan suka taho da sauri suna korar maroƙa, suna buɗa masa hanya zuwa masallaci. Amma bai nufi masallaci ba. Ya zagaya gaban mota, ya zaro tabarau daga aljihu, ya sa, ya sunkuya. Ina zaune ina kallon saman rawaninsa ta gilashi. Ya daɗe a sunkuye fiye da yadda kalma ɗaya take buƙata. Sannan ya miƙe, ya cire tabarau, ya mayar aljihu, ya wuce masallaci bai ko kalli inda nake ba.

An ɗaura aure, an yi fatiha, an raba goro da alawa. Ni ban ji ko sadakin nawa ne ba. Ina can ƙarshen sahu na takure, ina jin mutane suna raɗa: ashe Alhaji zai fito takara, a wace jam'iyya, ai shi ya sa ya yi shiru kwana biyu. Wani dattijo har ya matsa kusa da shi yana cewa unguwarsu tana bayansa. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka yana gudun siyasa, ni na tsayar da shi takara cikin minti biyar ba tare da ya sani ba.

Da aka watse na yi niyyar sulalewa, sai aka aiko wai Alhaji ya ce wanda ya kawo shi shi zai mayar da shi. Muka kama hanyar gidansa. Tafiyar ba ta da nisa, amma a cikinta na gama tsara yadda rayuwata za ta kasance: Bilkisu za ta tafi gida, za a kira iyayena daga Gama, kuma shaidar nan ta son a sani an buga mata hatimi har abada. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiyarsa ce ta fito.

Ya ce in biyo shi falo. Ya zauna a kujerarsa, ya kwance rawani ya ajiye a gefe. Ni na tsaya, don ƙafata ta manta yadda ake durƙuso.

Ya ce, "Abin da ke jikin motarka, wa ya rubuta?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"An tilasta ka?"

"A'a, Baba."

"To karanta mini shi. Idona ba ya gani sosai, wataƙila ban karanta daidai ba."

Nan ne fa. Na ce, "Baba, sunan Abba ne."

Ya ce, "Abba aka rubuta?"

Na ce a'a.

"To me aka rubuta?"

Na dubi kafet, na dubi fanka, na dubi ƙofa. Leɓena ya haɗu zai yi harafin farko, ya ƙi rabuwa. Ni da na yi jawabi a ofis, ni da na ce wa Bitrus baƙauye, ga ni tsaye kamar ɗalibin da bai yi tilawa ba. Ƙarshe na zube a ƙasa na ce, "Baba, ba zan iya ba. A yi mini aikin gafara. Wallahi girmamawa na yi nufi."

Ya ce, "Na san girmamawa ka yi nufi. Da raini ka yi nufi ai da ba ka riƙa ɓoye ta a bayan katangar maƙwabta ba."

Ashe ya sani. Ba lambar ya sani ba, amma ya daɗe yana lura da surukin da ya sayi mota yake kuma zuwa gaisuwa a ƙafa.

Ya ce, "Na yi shekaru ina sauraron mutane suna cewa ba da nufi suka yi ba, kuma da yawansu gaskiya suke faɗa. Amma wanda aka taka wa ƙafa, ko da nufi ko ba da nufi ba, shi dai ƙafarsa tana ciwo. Kai abin da bakinka ya ji kunyar faɗa, shi ka ɗauka ka sa a bakin mutanen Kano gaba ɗaya."

Na ce, "Haka ne, Baba." Ina jiran sauran hukunci.

Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji daga gare shi ba. Na ɗago kai. Dattijon nan dariya yake yi, marar ƙara, kafaɗunsa suna rawa, har yana share ido da gefen rawani.

Ya ce, "Wai majalisar jiha ce ko ta tarayya." Ya sake yin dariya. Da ta lafa sai ya dubi taga. Ya ce, "Ka san rabon da in ji an kira ni da sunan nan haka zalla, babu Alhaji babu komai? Tun rasuwar mahaifiyata. Duk waɗanda suke da ikon kirana haka sun tafi. Ɗazu da na ji shi, kafin raina ya ɓaci, sai da na waiga."

A karon farko a rayuwata na yi dabarar yin shiru.

Ya ce, "Tashi. Ni na yafe. Amma ka cire shi yau, kada ya kwana. Sannan ka je ka ba Hajiya haƙuri, don ita ce aka yi wa laifi. Wannan shari'ar kuma ba a kotuna take ba, ba ni da ikon sa baki."

Wani irin sanyi ya sauko mini tun daga ka har tafin ƙafa. Na fito falon nan ina jin kamar an sauke mini buhun siminti daga wuya. Ko gida ban je ba, na wuce wajen wani bakanike a bakin titi, ina tsaye da farar shaddata ya kwance lambar gaba da ta baya. Shi ma da ya karɓa sai da ya karanta da ƙarfi. Na ce masa malam, yi aikinka kawai.

Shari'ar Hajiya ta fi tsawo. Na yi sati ina zuwa gaisuwa tana amsa mini da "lafiya" guda ɗaya, kafin ranar da ta sa aka kawo mini fura, na san an sallame ni. Bilkisu kuwa ba ta ce "ai na gaya maka" ba, abin da ta yi ya fi haka ciwo. Ranar da lambar hukuma ta koma jikin mota, ta fito da mayafinta ta shiga gaba ta zauna, ta ce a kai ta gidan kowace ƙawa da ta je wa a tasi, ɗaya bayan ɗaya. Bitrus ma na same shi na ce ya ci mahawara. Ya ce shi bai san an yi mahawara ba, ya dai ga mutum yana haƙa rami yana jawabi.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya zauna. Yanzu duk abin da zan rubuta inda jama'a za su gani, sai in fara gwada faɗarsa a raina a gaban wanda abin ya shafa. In harshena ya noƙe, hannuna ma ya haƙura.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, ina ofis aka ce ana nemana a waya. Alhaji ne da kansa. Ya ce in ba ni da uzuri in zo in kai shi masallaci, ga direbansa kuwa yana nan lafiya lau. Na shigo da mota har tsakar gida, a miƙe, ba kwana ba karkace. Ya fito da dardumarsa a kafaɗa, na buɗe masa ƙofa. Bai shiga ba. Ya zaro tabarau, ya zagaya gaba ya duba, ya zagaya baya ya duba, sannan ya dawo ya zauna ya ja ƙofa.

Ya ce, "To, yau ba na takara. Mu je, ɗana."